Tsaunin da Na Gina a Bidiyon Nynke

Kafin komai, ga amsar baiwar Allahn da ta rubuto a ƙarƙashin kashin da ya wuce, wai namiji mai shekara hamsin da uku, mai sanƙo da ciwon gwiwa, ya kamata ya ji kunyar baza zuciyarsa a intanet. Na gode, 'yar'uwa. Na ji kunyar. Ba ta hana komai ba.

Ga waɗanda yau suka shigo: sunana Douwe, ina koyar da ilimin ƙasa da magudanan ruwa a wata kwaleji a nan Leeuwarden, babban birnin lardin Friesland. Aikina shi ne in tsaya gaban matasa ina bayanin abin da ya sa ruwa ke ƙin ratsa yumɓu, su kuma suna kallon wayoyinsu. Aurena ya mutu da daɗewa, ba faɗa ba zagi. Ta ɗauki motar, ta bar min wata koriyar kujera da ba ta taɓa so ba. 'Yarmu Elske ta girma, tana jami'a a Groningen. Ni da dankalina muna zaune lafiya, babu mai shiga harkar wani.

Sai bana kwaleji ta ce duk malami sai ya yi kwas ɗin koyarwa da na'ura. Ni, da har yau nake lasar yatsa kafin in shafa fuskar waya. Na shiga ajin ina ƙunƙuni, na zauna a baya kamar ɗalibaina, sai ƙofa ta buɗe Nynke ta shigo.

Ita ce mai horar da mu. Shekarunta arba'in da wani abu, gashinta ja ne furfura ta fara ratsa shi, kuma ba ta ɓoye ta. Kullum da rigar sanyi ruwan ɗorawa, kullum tana neman tabarau ɗin da ke saman kanta. Tun ranar na daina ƙunƙuni. Na koma layin gaba. Har fensir na saya.

Abu biyu za ku riƙe kafin mu ci gaba. Na farko: kowannenmu sai da ya ɗauki bidiyon darasi ɗaya ya ɗora a shafin kwas, inda ba mai iya buɗe shi sai Nynke mai dubawa da Gerben, shugaban sashenmu. Ni a gona na ɗauki nawa, tsaye cikin lambatu da takalmin ruwa, Elske na riƙe da waya. Ina tsakiyar bayani wata saniya ta zagayo ta bayana ta lashe hulata. Elske ta ƙi sake ɗauka, wai sanyi take ji. Haka na ɗora shi.

Na biyu: Nynke ma tana da nata gajerun bidiyoyi da take koya mana da su. A cikin wanda take nuna yadda ake haɗa jarrabawa a kwamfuta, ta rubuta tambaya da hannunta, ta zo gwadawa, ta zaɓi amsar da ba daidai ba. Na'ura ta ce mata ta sake ƙoƙari. Ta ce, "To, malama ta faɗi jarrabawarta," sai ta fashe da dariya. Ba irin ta gaban kyamara ba. Irin wadda ke kufce wa mutum ta hanci, ya kai hannu ya rufe baki bayan ta riga ta fita.

Jama'a, wannan dariyar ita ce abokiyar cin abincina. Ƙarfe shida na yamma in kirɓa dankali da kabeji, in jingina kwamfuta da kwalbar madara, in kai bidiyon daidai wurin. Ta yi dariya, in koma baya. Ta yi, in koma. Ban cuci kowa ba. A tunanina tsakanina da kwalbar madara ne.

Ranar Lahadin da ta wuce na je shan kofi gidan Mem, mahaifiyata. Ta zuba min, ta turo gwangwanin biskit, na ɗauki ɗaya, ta rufe. Sannan ta naɗe hannu.

"Lahadi mai zuwa nake cika tamanin da ɗaya."

"Na sani, Mem. Na sayi fure."

"Ba fure nake tambaya ba. Na jera kujeru a kaina jiya. Kowa da nasa a gefensa. Kai kaɗai ne kusa da kujera babu kowa, kamar mai mura."

"Ina jin daɗin wurin ajiye faranti."

"Aukje ta ƙungiyar waƙarmu ta tambaye ka."

Aukje mace ce ta kirki, Allah ya sani. Mijinta ya rasu, kuma duk wanda ya zauna kusa da ita zai san kowane sansanin hutu da marigayin ya taɓa kafa tanti a ciki, da yadda banɗakin wurin yake.

"Mem, ni ba yaro ba ne."

"Shi ne matsalar. Da yaro ne da akwai lokaci. Ko ka cike kujerar nan, ko in cike ta."

Da wannan a kaina na shiga ajin Talata. Muna zaune a ɗakin kwamfuta, kowa da kofinsa na takarda, Nynke ta shigo rigar ruwanta na ɗiga, fuskarta cike da murna.

"Yau za ku ji daɗi," ta ce. "Yau zan nuna muku yadda malami ke ganin sawun ɗalibansa."

Na gyara zama. Duk abin da ta ce za a ji daɗinsa, ni na riga na fara ji.

"Duk bidiyon da kuka ɗora, manhajar tana lura da wanda ya kalla, inda ya tsaya, inda ya tsallake, da inda ya koma baya. Ba don sa ido ba ne. Don ku gane inda bayaninku ya gaza ne. Bari in yi misali da nawa, na haɗa jarrabawa."

Na ajiye kofina a hankali.

Majigi ya haska allo. Wani layi ne shimfiɗe, lumui kamar ƙasarmu, daga farkon bidiyon yana tafiya abinsa. Sai wajen tsakiya ya miƙe sama. Ba tudu ba, tsauni. Saura kaɗan ya fita daga allon ya hau silin. Duk lardin nan babu abin da ya kai shi tsayi, har da hasumiyar coci.

Gerben, mutumin da ke zuwa aiki da gajeren wando ko ƙanƙara ake yi, ya buga tebur. "Kai! Wannan sai da igiya za a hau shi! Mutum nawa ne suka maƙale a nan?"

"Ɗaya," in ji Nynke.

Aji ya ɗauka. Wani ya ce barci mutumin ya yi da goshi a kan madannai. Wata ta ce magensa ce ta kwanta a kai. Ni ma na yi dariya, na ma fi kowa, irin wadda ke fita daga haƙora ba ta biya ta ciki ba.

Nynke ta ɗaga hannu. "Kada ku yi masa dariya. Wannan mutumin ya fi ku duka naci. Laifina ne. Daidai nan na yi kuskure na tsaya shirme, na rikita bawan Allah. Ranar Juma'a zan sake ɗaukar bidiyon tsaf, in goge tsohon."

In goge tsohon!

Kuma duk maganar nan ba ta dube ni ba. Ta dubi Gerben, ta dubi taga, ta dubi kwandon shara. Ni kaɗai ta tsallake. A nan na gane cewa mu ne ba mu ga suna a allo ba, ita ta gani.

Ina kwance sarƙar kekena saƙonta ya shigo: "Douwe, ka leƙo ofishina ranar Alhamis bayan abincin rana. Taho da kwamfutarka. Kada ka damu, kowa da saurin koyonsa. Za mu bi shi a hankali." Da ɗan hoton babban yatsa a ƙarshe.

Kowa da saurin koyonsa. Kun ji? Matar da na sayi fensir dominta ta ɗauke ni daƙiƙin kwaleji, kuma tana tausaya min. Hanya biyu ce gabana: ko in je in zauna a matsayin daƙiƙi, ta goge dariyar, Aukje ta hau kujera, ko in buɗe baki in faɗi abin da ya kai ni saman tsaunin nan.

A nan cikin rumfar kekuna, ruwa na dukan kwano, na rubuta wa Elske, mai kirana Heit, wato Baba a yarenmu.

"Gaskiya ne ana ganin wanda ya kalli bidiyo?"

"Heit. Har 'yan firamare sun san wannan. Me ka kalla?"

"Darasi."

"Sau nawa?"

"An ce ya zama tsauni."

Sai ga saƙon murya. Na kara a kunne. Babu kalma ko ɗaya a ciki, dariya ce zalla, har da tari, har da wata ƙawarta a gefe tana tambayar lafiya.

"Mai rigar ɗorawa ce ko?" ta rubuto. "Wadda ka ambata tun daga miya har wankin kwanuka?"

"Ban ambaci kowa ba."

"Zan gaya wa Beppe."

"Ki gaya wa kakarki, in cire ki daga gadon koriyar kujera."

"Na yafe. Amma Heit, tsaya. Kai ma ai kana da bidiyo. Na saniya. Ka duba naka sawun mana."

Ranar Laraba da yamma, karo na farko a rayuwata, na bi darasin kwamfuta daga farko har ƙarshe ba tare da na kira kowa ba. Dankali na hucewa a faranti, na shiga shafin kwas, na nemo bidiyona, na danna inda ta nuna mana. Layin ya fito. Shimfiɗe. Shimfiɗe. To dama wa zai so yumɓu? Shimfiɗe...

Sai ya tashi.

Jama'a, ya tashi! Bai kai nawa ba, ba zan yi muku ƙarya ba, nawa aikin gwani ne. Amma tudu ne na gaske, mai kafaɗa, daidai inda saniya ta lashe hulata. A ƙasa an rubuta: mai kallo ɗaya ne ya maimaita.

Na miƙe na zagaya teburin girki. Na sake zagayawa. Na ɗauki kwalbar madara na yi rawa da ita har gwiwata ta tuna min da shekaruna. Maƙwabciyata tana wucewa da karenta ta gan ni ta taga, don mu nan ba ma sakin labule, ta ɗaga min hannu cikin ladabi ta ƙara sauri.

Sai na tuna. Mutum biyu ne ke iya buɗe bidiyon nan. Kuma Gerben ɗan makiyayi ne, hoton saniya ne a fuskar wayarsa, ba na matarsa ba.

Akwai wani ɗan maɓalli a gefe, an rubuta a nuna sunaye. Na gan shi sarai. Na kai yatsa, na janye. Muddin ban taɓa shi ba, Nynke ce. Na rufe kwamfutar na ci dankalina da sanyinsa.

Alhamis da safe na goge shuɗiyar riga, na ciro kwat ɗin da na sa ranar da Elske ta gama sakandare, na yi aski na yanke haɓa. A gaban injin kofi na haɗu da Gerben.

"Douwe! Ina za ka, jana'iza? Kai, na ga bidiyon nan naka. Wannan saniya! Ka ga faɗin ƙugu? Gonar wa ce?"

"Ka... ka kalla sosai?"

"Har matata na nuna wa!"

Ya dafa kafaɗata ya wuce da gwiwoyinsa a waje. Na tsaya riƙe da kofi. Wato ni da Gerben ne. Shekara hamsin da uku, mutum ɗaya ne ya taɓa komawa baya don ya sake ganina, shi ma saniya yake kallo.

Haka na ja ƙafa zuwa ofishin Nynke. Ɗan ɗaki ne cike da wayoyin caji da tukwanen fure, rigar ruwanta a rataye a bayan ƙofa. Ta tanadi kofi biyu, ta ɗora biskit mai zuma a bakin kowanne yana laushi. Irin tarbar da ake yi wa mara lafiya.

"Zauna, Douwe. Ka yi kyau yau, akwai wani abu ne?"

"Likitan haƙori."

"To. Ba gaggawa. Buɗe shafin. Ka ga wannan koren maɓallin? Kada ka ji tsoronsa."

Ban san me ya shige ni ba. Wataƙila kalmar tsoro ce. Na ja kwamfutar gabana, na danna koren maɓallin, na buɗe sabuwar jarrabawa, na sa mata suna, na rubuta tambaya, na jera amsoshi, na sa maki, na sa lokacin rufewa, yatsuna na gudu kamar na Elske. Bakina kuma yana faɗar bayaninta kalma bayan kalma, har da inda take cewa "to, yanzu fa." Da na zo wajen gwaji na zaɓi amsar da ba daidai ba, na'ura ta ce in sake ƙoƙari, na ce, "To, malama ta faɗi jarrabawarta."

Biskit ɗinta ya lanƙwashe ya faɗa cikin kofi, ba ta lura ba.

"Ka iya," ta ce.

"Tun makon farko."

"To me kake komawa yi a wurin?"

Mu mutanen nan ba mu iya kwana-kwana ba, kun sani. In za mu faɗi, mu faɗi.

"Dariyar. Da ita nake cin abinci. Don Allah kada ki goge."

Ta kai hannu tana laluben tabarau a kan tebur. Na nuna mata saman kanta. Ta sauko da shi ta sa, ta dube ni, ta cire.

"Douwe. Shafi biyu na rubuta a kan tsaunin nan. Zan kai shi taron masu horar da malamai a Utrecht. Na sa masa take, yadda kuskuren malami ke rikita mai koyo."

"Ai ya rikita ni."

"Ba irin wannan rikitar ba!"

Kunnuwanta sun yi ja. Ban san ko fushi ba ne, don ban taɓa ganin fushinta ba. Na ce a raina tunda na riga na faɗa lambatu, bari in ga zurfinsa. Na buɗo zanen bidiyona na juya mata kwamfutar.

"Malama, ni ma ina da tambaya. Akwai inda bayanina ya gaza. Mutum ɗaya ya yi ta komawa. Ina zargin Gerben ne, amma na ga wannan maɓallin yana nuna suna."

Na ɗora yatsa a kai.

Tas! Ta rufe kwamfutar, saura kaɗan ta haɗa da yatsana. Hannunta ya zauna a kan murfin.

"Wannan darasin mako mai zuwa ne."

"Na saba karatun gaba."

"Ba a jin bayaninka sosai a wurin. Dole in maimaita kafin in ba da maki. Saniyar tana surutu."

"Saniyar ba ta ce uffan ba."

"To iska ce."

"Babu iska ranar."

"A Friesland? Babu iska?" Ta cije leɓe. Kafaɗunta suka fara rawa. "Douwe, dabba ta cinye maka hula, ka juya ka ce mata, yi haƙuri madam, tambayoyi sai ƙarshen darasi. Kuma ka ci gaba da maganar yumɓu da yawu a sanƙonka! Wa ke ba saniya haƙuri?"

Sai dariyar ta kufce mata. Ita, ita ɗin dai, ta hanci, hannu ya kai baki a makare. A gabana, ba gilashi a tsakani. Wallahi sai da yatsana ya motsa a kan tebur yana neman inda ake komawa baya.

Da ta lafa na ce, "Me kike yi ranar Lahadi?"

Ta jawo waya ta buɗe kalanda, kamar kowane ɗan ƙasar nan da aka tambaya ko zai sha ruwa. "Ina da sarari bayan mako uku, da yamma."

"Wannan Lahadin nake nufi. Mem ke bikin ranar haihuwa."

"Fita ta farko, gidan mahaifiyarka? Cikin zagayen kujeru? In bi dangi ɗaya bayan ɗaya ina taya su murna, yadda al'adarmu take?"

"Akwai kek. Mai ruwan hoda."

"Ba ka da hankali."

"Kowa da saurin koyonsa."

Ta harare ni. Ta sunkuyar da kai kan wayar, ni kuma na miƙa wuya ba kunya. Na ga ta je Juma'a, inda aka rubuta sake ɗaukar bidiyo, ta goge. Ta gangara Lahadi, inda aka rubuta wankin firij, ta goge. Ta rubuta: Douwe, Mem, kek.

"Ƙarfe nawa?"

Ban san yadda na sauko daga benen nan ba. Na wuce Gerben a hanya na ce masa saniyar ta gaishe shi. Na isa rumfar kekuna, na ciro waya, na lashi yatsa, na rubuta wa Mem: "Kujerar ta cika. Sunanta Nynke."

Matar da ke cewa ba ta ganin rubutun waya, kafin in mayar da ita aljihu amsa ta shigo.

"Ka makara. Aukje ta riga ta je gyaran gashi, kuma ita ce mai kawo kek. Na aro kujera a maƙwabta. Kai za ka zauna a tsakiyarsu. Ka sa shuɗiyar rigar."